Kawuna da Ladan Rijiyar da Ya Karɓa Kafin Ruwa

Ranar Laraba, a tsakiyar bazara, da ƙarfe tara da kwata na safe, Allah ya yi wa kawuna rasuwa a gidansa, a wani ƙauye kusa da Matankari. Mu huɗu ne a ɗakin: matarsa, limamin garin, ni ɗan ƙanwarsa, da tsohon da ya yi fiye da shekara talatin yana riƙe masa igiya in ya shiga rami. Kawu maginin rijiya ne. Bai bar wasiyya ba. Maganarsa ta ƙarshe tambaya ce, kuma mai igiya ya yi wa ita.

"Ƙasar ta yi sanyi?"

"Ta soma, maigida."

Daga nan sai kalmar shahada, da liman ya yi ta maimaita masa har ya cika.

Kafin azahar mata suka fara isowa da tuluna a ka, daga ƙauyukan da labari ya kai. Kowace ta ɗebo daga rijiyar garinsu, wadda Kawu ya gina, tana son a yi masa wanka da ruwan. Liman ya ce tulu biyu sun isa. Wata tsohuwa ta sauke nata a bakin ƙofa, ta ce ba ta tako cikin wannan rana don ta mayar da ruwa gida ba. Matar Kawu ta sa aka kawo randa, aka tsiyaya kaɗan daga kowane tulu. Na ƙirga tara.

Ranar addu'ar uku wani Bafillace ya iso yana jaye da rago. Makiyayi ne da Kawu ya gina wa danginsa rijiya a mashayarsu tun ina ƙarami, kuma tsakanin Fulani da mu Arawa akwai wasa. Bai yi wa kowa gaisuwa ba. Ya tsaya tsakiyar masu zaman makoki ya ce, "Ina Ba'aren ga? Bawana ya tahi bai yi mini sallama ba. Wa ya ba shi izini?" Mutane suka yi dariya, ita ce ta farko cikin kwana uku. Shi kuwa ya ɗaure ragon a turke, ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, ya zauna a haka har ya tafi.

Da la'asar kwamin ofishin haraji na Dogon Dutsi, wato akawunsu, ya zo a kan keke. Da ya nufi tabarma, waɗanda ke zaune suka baje don kada ya sami wuri. Wani ya ce, ba tare da ya rage murya ba, "Ga wanda ya kashe shi nan." Mai igiya ne ya matsa ya ba shi wuri kusa da shi. Daga nan gardama ta tashi a kan abin da ya yi ajalin Kawu. Wasu suka ce ciwon ƙirji. Wasu suka ce doguwa ce, aljanar wurin da ya gina raminsa na ƙarshe, ba ta yarda ba. Wasu suka ce takarda. Wani ƙanen mahaifina ya ce rediyo, ya dube ni.

Ban amsa masa ba a lokacin. Amsar ita ce wannan. Zan faɗi abin da na gani da abin da waɗanda suka gani suka gaya mini, don kada nan da ƴan shekaru a riƙa shan ruwan mutumin nan ba a san yadda ya ƙare ba.

Kawu yana da doka guda da ya gada wurin mahaifinsa: ba a karɓar ladan rijiya sai ta ga bazara. Yakan ce, "Bayan damina ko ramin kusu rijiya ne." Saboda haka shi da mutanensa sukan sauka a gari da rani, garin ya ciyar da su, su gina har su kai ga ruwa, su ɗaure bakin rijiyar da itace, su naɗe igiyoyinsu su tafi hannu wofi. Sai rijiyar ta ratsa zafin bazara ba ta ƙafe ba, damina ta wuce, an yi girbi, sannan garin ya aiko da lada: damman hatsi, awaki, wani lokaci ɗan maraƙi, da kuɗi kaɗan. In ta ƙafe, ba ya bin kowa kome, kuma yakan koma ya ƙara mata zurfi. Ranar da lada ya taru sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya raba wa mutanensa, nasa a ƙarshe. Sannan ya je wurin maigari ya biya lanho, harajin kai, nasa da na kowannensu. Sau ɗaya a shekara, da kaka. Haka aka yi duk zamanin Nasara, ba a taɓa aiko masa da gardi, ɗan sandan hukuma, ba.

Kafin ya yarda ya gina wa gari rijiya, sai ya kwana biyu yana yawo a dajinsu shi kaɗai, yana duban itatuwa da gidajen tururuwa da inda ciyawa ta fi daɗewa kafin ta bushe. In bai gamsu ba, sai ya gode musu da fura ya hau jakinsa. An sha yi masa magiya, bai taɓa sara inda zuciyarsa ba ta kwanta ba. In kuwa aiki ya yi nisa, yakan damƙo ƙasar gindin rami ya sa a kwando a jawo sama, mai igiya ya kara ta a kumatunsa. In ta yi sanyi, ruwa ya kusa.

Mai igiya ba danginmu ba ne. Yunwa ce ta koro shi daga wajen Gecheme yana saurayi, Kawu ya ba shi ɗaki, daga baya ya yi masa aure. Kusan duk mutanensa haka suka zo. Su biyun ba sa yini ba su tsokani juna ba. Kawu in zai sauka yakan ce, "Ranar da ka gaji da ni, saki kawai, ba alƙali a daji." Shi kuma ya ce, "In saki, wa za ya biya mini lanho?" Amma ban taɓa ganin Kawu ya musa masa a bakin rami ba. In ya ce a fito, ƙasa tana zubowa, to an fito. "Wanda ke ƙasa ba ya gardama da mai igiya," haka yake cewa.

Da mahaifina ya rasu, shi ya ɗauko mu ni da mahaifiyata. Na so in koyi sana'ar, ya hana, ya ce bai san abin da zai gaya wa ƙanwarsa ba in rami ya rufta da ni. Da aka zo neman yaran lekol, makarantar boko, gidaje suna ɓoye nasu a rumbu, shi ya kai ni da hannunsa. Ta wannan hanya na ƙare a gidan rediyo a Yamai, ina karanta sanarwa da Hausa, daidai lokacin da ƙasa ta sami mulkin kai. Da albashina na farko na saya masa akwatin rediyo. Yakan ɗora shi a kan jaki tare da dagi da wasaki duk inda za su. In na fara magana sai ya sa kowa ya yi shiru, ko da farashin gyaɗa nake karantawa.

Wata rana aka miƙo mini takarda da Faransanci, aka ce in juya ta in karanta. An sake dokar haraji ga masu ɗaukar ma'aikata. Duk wanda ke da mutane suna aiki a ƙarƙashinsa, ya je ofis ya rubuta sunayensu. Daga nan, kowane wata uku, ya kai abin da doka ta yanka a kan albashinsu. Wanda ya makara za a ci shi tara, kuma tarar tana ƙaruwa duk watan da ya wuce ba a biya ba. Na juya ta da kyau. Na karanta ta yadda aka koya mana, a hankali, ba ƙari ba ragi, aka kuma maimaita ta kwanaki da yawa. A raina da kamfanoni nake, da masu manyan motoci da masu awon gyaɗa. Ko sau ɗaya Kawu bai faɗo mini a rai ba.

Shi kuwa ya ji. Ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a ya tafi Dogon Dutsi. Kwamin ne ya ba ni labarin abin da ya faru, kuma na gaskata shi. Ya ce da ya ga tsoho da faso a ƙafa ya zo rubuta ma'aikata goma sha ɗaya, sai ya ajiye alƙalami.

"Baba, waɗannan ai ɗiyanka ne da ƙannenka, ko? Dangi ba a rubuta su."

"Ɗa guda Allah ya ba ni, ya karɓi abinai. Waɗanga mutanena ne."

"To nawa kake biyan su a wata?"

"Ba ni biyan su a wata. Sai rijiya ta ga bazara."

Kwamin ya ce ya yi masa bayani har sau biyu, ya nuna masa cewa takardar ba ta da wurin rubuta bazara. Ya gaya masa a fili cewa daga duk yankinsu babu maƙeri ko magini ko mahauci guda da ya zo, kuma babu wanda zai je neman su. Ya ce masa ya koma gida ya yi shawara.

Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata ya yi kira da bakinai, duniya duk ta ji. In kowa ya ƙiya, ni ba ni ƙi. Da Nasara munka biya, balle yau da anka ce ƙasa tamu ce. Rubuta."

Ya rubuta. Da yake dole a sa albashi, ya sa wa kowane mutum mafi ƙanƙanta da doka ta yarda. Kawu ya dangwala yatsa ya tafi yana jin daɗi.

Wa'adin farko ya same shi a cikin rami a wajen Tibiri. Bai manta ba. Ya aika da saƙo cewa zai zo da kaka kamar kullum. Da kaka ta yi ya sayar da hatsi da awaki, ya haɗa abin da kwami ya gaya masa na shekara, ya kai da kansa. Nan ya tarar wa'adi uku sun wuce, kowanne da tararsa, kowace tara kuma ta hau. Abin da ya kawo bai rufe ba.

"Tarar ga haihuwa take?"

"Tana haihuwa, Baba."

"To ta fi akuyata albarka."

A shekarar nan, da aka shimfiɗa tabarmar rabo, bai ɗauki kome ba. Shekarar da ta biyo damina ta yi gardama, garuruwa biyu suka aiko da rabin lada suka roƙi a yi musu haƙuri. Ya yi musu, don bai san yadda ake cin mutum tara ba. Ofis kuwa ba shi da wanda zai roƙa. Kwamin ba shi ya yanka tarar ba, ba shi da ikon ɗage ta. Kawu ya sayar da shanunsa biyu. Kafin ya waiwaya, wani wata ukun ya cika.

Na zo hutu a lokacin, kuma a nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na zauna na lissafa masa abin a ƙasa da tsinke. Na ce hanya biyu ce. Ko ya je ya soke sunayen, mutanen su ci gaba da aiki kamar da, ba wanda ya sani. Ko kuma ya riƙa karɓar rabin lada kafin ya sara ƙasa, yadda sababbin magina suke yi, don kuɗi ya riƙa samuwa a kan lokaci.

Ya ce, "Mai bakin gwamnati ya zo koya mini ƙarya. In je in ce ba su wurina, suna cin tuwo a gidana?"

"To karɓi rabin lada, Kawu."

"In ta ƙafe fa? Mi na sayar musu, rami?"

Na ce ai tun farko bai kamata ya je ba, sanarwar ba da irinsa take ba.

"Da wa take?"

"Da masu kamfani, Kawu."

"Ka ce duk mai mutane ƙarƙashinai. Da kunnena na ji. Ni ba ni da mutane?"

Haka kuwa na faɗa a rediyo, kuma haka takardar ta ce. Na yi masa tayin albashina, ya ce ɗan ƙanwa ke ɗaukar na kawu, kawu ba ya ɗaukar na ɗan ƙanwa. A hanyata ta komawa na biya ta ofis na biya wani abu a ɓoye. Da ya gano, ya sayar da raƙuminsa ya aika mini da kuɗin ta hannun mahaifiyata. Ya naɗe rediyon da zane ya tura ƙarƙashin gado. Ya yi fiye da shekara bai aiko mini da ko gaisuwa ba.

Takardar da ta karya shi ita ce wadda ta ce in bai biya ba za a zo a ƙirga kayansa a sayar. Kayansa kuwa su ne dagi, igiyoyi, wasaki da jakuna. In suka tafi, mutum goma sha ɗaya da iyalansu ba su da abin yi. A kwanakin nan ne dattawan wani ƙauye na wajen Sukukutane suka zo. Matansu sukan fita da asuba neman ruwa, ba su dawowa sai hantsi ya dubi ludayi. Matan ne suka sayar da wake da gyaɗa suka tara kuɗi, dattawan kuma sun ji halin da Kawu yake ciki. Da kyakkyawar niyya suka zube masa rabin lada a kan tabarma.

Matarsa ta ce ya daɗe yana kallon kuɗin. Ta leƙo ta zana ta ce masa, "Malam, ba ka ga dajinsu ba tukuna." Ya ce ya sani. Mai igiya ya ce a bari a je a dubo, kwana huɗu ne. Amma wa'adin takarda saura kwana uku. Ya tattara kuɗin ya ɗaure a bakin riga. A ranar bai ci abinci ba. Washegari ya kai Dogon Dutsi, ya biya har tamma ta ƙarshe. Kwamin ya miƙa masa takardar shaida yana murna, ya ce, "Yau ka fita, Baba." Kawu ya ce, "Yau na shiga."

Da ya je ya zagaya dajin ƙauyen, bai ga abin da yake nema ba. A da, da sai ya gode musu ya hau jakinsa. Yanzu kuɗinsu yana ofis. Ya zaɓi wurin da ya fi dama ya sara. A gaba ashirin da biyu suka tarar da dutse, shimfiɗaɗɗe, dagi yana tsalle a kansa. Suka matsa gabas suka sake wani ramin, suka tarar da shi a kusan wannan zurfin. Rani ya ƙare a kan rami biyu busassu. Ba su gina wa kowa wata rijiya ba a shekarar, don haka babu ladan da za a jira da kaka. Hatsin ƙauyen da ake ciyar da su ya yi ƙasa. Wata uku kuma ya sake cika.

Sai ga saƙonsa, na farko tun faɗanmu: in same shi a Dogon Dutsi ranar kasuwa, yana son mai karatu ya tsaya masa. Na zo. Ya rame, amma rigar Juma'ar ce a jikinsa. Ya ce wa kwami ya zo sallamar mutanensa. Ba ƙarya zai yi ba, ya riga ya gaya musu kowa ya nemi inda zai dafa. Ƙa'ida ita ce a karanta kowane suna, maigida ya faɗa da bakinsa cewa mutumin ya bar wurinsa, sannan a ja layi. Kwamin ya ce zai iya jan layin duka a yi sauri. Kawu ya ce a'a, yadda aka rubuta su ɗaya ɗaya, haka za a cire su.

Kwamin ya karanta na farko. Kawu ya ce, "Ba shi wurina." Na biyu. "Ba shi wurina." Muryarsa ba ta rawa. A kan wasu yakan ƙara magana, kamar kwamin ya tambaye shi: wannan shi ya yi masa aure, wancan ya taɓa fito da shi daga rami a sume. Har aka kai goma. Da aka karanta na goma sha ɗaya, sunan mai igiya, sai Kawu ya juya ya dubi taga. Kwamin ya riƙe alƙalami a sama yana jira. Mai igiya yana tsaye a waje, a bakin taga, don ya ƙi shiga.

Ya ce, "Faɗa, maigida. Takarda ce, ba igiya ba."

Kawu ya faɗa. Aka ja layi.

Goman suka watse. Wasu suka tafi Kurmi, wasu Sakkwato, biyu suka koma noma a gonar aro. Tsofaffin biyu kuwa, Kawu da mai igiya, da rani ya zagayo, suka ɗora kaya a jaki suka koma bakin rami na biyu. Maigarin ƙauyen ya tara dattawa suka same shi, suka ce sun yafe, abu ne na Allah. Kawu ya ce, "Ku kun yafe. Matanku sun yafe?" Hanyar da matan ke bi zuwa ɗiban ruwa ta gefen ramin ta wuce. Kullum da asuba sukan gaishe shi, da hantsi su sake gaishe shi da tuluna a ka, wata ma ta tsiyaya masa a ƙwarya. Mai igiya ya ce da zagin sa suke yi, da ya fi masa sauƙi.

Dabarar da ta rage ita ce wuta. Sukan zuba itace a kan dutsen su hura, in ya ci ya huce Kawu ya sauka ya fasa abin da ya fasu, samarin garin su taimaka da jan kwando. Hayaƙi ba ya fita daga rami mai zurfi irin wannan. Rani biyu yana shaƙar sa. A na biyun tari ya kama shi, har ya kai ba ya iya sauka. Sai suka yi musanya: mai igiya, da bai taɓa shiga rami ba tun yana saurayi, ya riƙa sauka, Kawu yana zaune a baki da igiya a hannu, samari suna riƙe da ita a bayansa.

Haka na same su a zuwana na ƙarshe wurin. Na zauna kusa da shi a kan tarin ƙasa. Idonsa yana kan igiya.

"Har yau kana karanta sanarwa?"

"Ina yi, Kawu."

"Ka iya. Ban taɓa jin ka yi tuntuɓe ba."

Ya yi tari ya tofar. Sannan ya ce, "Wanda ya rubuta takardar ga, ya taɓa ganin an gina rijiya?"

Na ce ban sani ba.

"In ka koma ka tambaye shi. Ba da faɗa ba. Ina son in sani."

Na tambaya. Wanda ya miƙo mini takardar ya ce daga wani ofis ta zo. A can aka ce kwafo ta aka yi daga wata dokar da aka tarar, aka gyara kaɗan. Ban sami mutum guda da zan ce shi ne ya rubuta ba. Da aka ɗauko Kawu a kan raƙumin aro aka kawo shi gida, na zo, ya dube ni, bai tambayi amsar ba. Mai igiya ya tsaya a can yana ci gaba da samarin. Ranar Talata da yamma ya iso. Laraba da safe aka yi masa tambayar da na faɗa a farko.

Ga masu cewa ƙirji ne, gaskiyarsu. Ga masu cewa doguwa, ban san wannan fannin ba. Masu cewa kwami ne sun zalunce shi, don shi kaɗai ne ya yi ƙoƙarin mayar da Kawu gida tun ranar farko. Ƙanen mahaifina da ya ce rediyo, ban da hujjar da zan ƙaryata shi. Abin da na sani shi ne, mutumin da ya yi shekara arba'in ba wanda ya biyo shi da ƙorafin ko ƙwarya guda ta hatsi ya mutu da kuɗin mata a wuyansa, kuma ya san haka har numfashinsa na ƙarshe. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan da ya shayar ya tsaya masa.

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, na sami mai igiya a bayan gida yana naɗe igiyoyi. Na ce, "Baba, da gaske ƙasar ta soma sanyi?"

Ya ce, "Busasshiya, kamar toka."

"To mi ya sa ka ce mishi ta soma?"

Ya ci gaba da naɗi. "Shekara talatin, in za ya sauka, a hankali nake sakin igiya."

Matar Kawu ta sayar da ragon Bafillacen da jakuna da dagi, ta aika wa ƙauyen da abin da aka samu. Bai kai rabin kuɗinsu ba. Sun mayar sau ɗaya, ta sake aikawa, suka karɓa. Rediyon ta ba ni a naɗe cikin zanensa. Mai igiya ya koma wajen Gecheme wurin ƴarsa. Bayan addu'ar arba'in ɗan maraƙi ya faɗa rami na farko, sai mutanen ƙauyen suka yi gayya suka cike duka biyun da ƙasa. Matansu suna ɗebo ruwa inda suke ɗebowa da.